Allo, Madrasa da Zaure: Yadda Hausawan Sinnar Ke Kallon Karatun Gwamnati

A ƙauyukan Hausawa da ke bakin Shuɗin Nilu, daga Mai Wurno da ke kudu da birnin Sinnar har zuwa zangunan masu tsinkar auduga na Jazira, ƙofa uku ce ke gaban yaro idan ya isa shiga karatu. Akwai makarantar allo, wadda mutanen Sudan ke kira halwa. Akwai makarantar gwamnati, wadda kowa ke ce wa madrasa. Akwai kuma zauren gidansu ko ɗakin mahaifiyarsa, inda yara da dama, musamman mata, suka samu duk karatun da suka sani. Yawancin iyaye a yau haɗa biyu suke yi, allo da asuba, madrasa da hantsi. Amma har yanzu akwai gidajen da ke ɗari-ɗari da makarantar gwamnati, akwai kuma waɗanda suka sa 'ya'yansu a ciki amma idonsu na kan kowane shafi na littafin da aka ba yaran. Kafin a gane dalilinsu sai an koma baya, domin kowace ƙofa cikin ukun nan da tarihinta, kuma ba rana ɗaya suka iso ba.

Halwa ce ta riga sauran. Sinnar ita ce babban birnin daular Funj, wadda Amara Dunkas ya kafa a 1504, ta ɗore har 1821 lokacin da rundunar Muhammad Ali na Masar ta ci ta. A tsawon shekarun nan sarakunan Sinnar ba su gina wa talakawa makaranta ba, ba su kuma naɗa wani mai kula da karatu ba. Abin da suka yi shi ne girmama malamai: a yanka wa malami fili, a yafe masa haraji, a bar gidansa ya zama mafakar da ko dogarin sarki ke jin nauyin ketawa. Malamin, wanda a can ake kira faki, shi ke ciyar da almajirai daga gonarsa da sadakar jama'a. Littafin Ɗabaƙat na Wad Daifallah, wanda aka rubuta a ƙarshen zamanin daular, cike yake da tarihin irin waɗannan malamai da almajiransu. Wato tun asali karatu a ƙasar nan a hannun malami da mutanen gari ya tashi, sarauta tana gefe tana neman albarka.

Bahaushen da ya tashi a tsangayar Kano ko Haɗeja ba zai ji baƙunta a halwa ba. Allon itace ne, alƙalamin kara, da tawadar da ake haɗawa da baƙin tukunya da ƙaro. Malami ya yi wa kowa shifta daga inda ya tsaya, yaro ya koma gefe ya yi ta biyawa, in ya kawo hadda daidai a ba shi izinin wanke allo. Da dare a hura wuta a tsakar fili a kewaye ta ana karatu. Wutar nan tugaba suke kiranta, mutanen Umm Dawwan Ban da ke gabas da Hartum kuma suna alfahari da cewa tasu ba ta mutu ba tun zamanin wanda ya kafa makarantar. Babu aji, babu ƙararrawa, babu jarrabawar ƙarshen shekara. Kowane yaro da nasa saurin. Wanda ya tafi taya mahaifinsa yankan dawa na wata biyu, in ya dawo sai ya ɗora daga inda allonsa ya tsaya, babu wanda zai ce ajinsu ya wuce shi. Babu kuɗin makaranta sai ɗan abin Laraba da abin da Allah ya hore ranar sauka. Wannan sassauci shi ne ƙarfin halwa a wurin manomi da ɗan ƙwadago. Bambancin da Bahaushe ke ji da kunnensa shi ne na ruwaya: mutanenmu da Warshu suka zo, alhali halwoyin tsakiyar Sudan da Duri aka san su, Hafsu kuma daga baya ta yaɗu ta hanyar bugaggun Alƙur'anai da rediyo da makarantun gwamnati. Ko wannan kaɗai ya isa ya sa uba ya fi natsuwa da malamin unguwarsu.

Su kuma Hausawa hanyar hajji ce ta fara kawo su. Kafin jirgin sama, maniyyaci yakan tashi daga ƙasar Hausa ya bi ta Barno, Wadai, Darfur da Kurdufan, yana tafe yana noma ko ƙwadago don guzuri, har ya kai gaɓar Bahar Maliya. Tafiyar takan ci shekaru, da yawa kuma a hanya suka yi aure suka hayayyafa. Babban ayari kuwa ya biyo bayan 1903, shekarar da Turawan Ingila suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru ya fita hijira, aka kashe shi a Burmi a watan Yulin shekarar, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja waɗanda suka tsira suka nausa gabas. Wajajen 1906 suka sauka a garin Shehu Talha a bakin Shuɗin Nilu, daga baya suka haye kogi suka kafa garin da ke amsa sunansa har yau. Cikinsu akwai Fulani, Hausawa da sauran mutanen yamma, waɗanda 'yan ƙasa suka tara su duka a ƙarƙashin suna ɗaya, Fallata ko Takari. Sun tarar Turawan da suka guje wa sun riga su isowa, domin an karya daular Mahadi a Karari tun 1898. Turawan sun karɓe su, suka bar Mai Wurno ya riƙe jama'arsa, saboda ƙasar na buƙatar manoma.

A nan ne tushen ɗari-ɗarin yake. Mutumin da ya bar gonarsa da kaburburan iyayensa don kada ya zauna a ƙarƙashin Nasara, abu ne mai nauyi a ce ya ɗauki ɗansa ya kai makarantar da Nasaran suka buɗe. Akwai kuma niyyar tafiya da ba ta mutu ba. Masanin nan ɗan Gana, C. Bawa Yamba, a binciken da ya wallafa a 1995, ya tarar da jikoki da tattaɓa-kunnen da aka haifa a Jazira suna lissafa kansu a matsayin mahajjatan da ke kan hanyar Makka. Wanda yake ganin zango ya yada, wace fa'ida zai gani a takardar da amfaninta shi ne neman aiki a ofishin ƙasar da yake ratsawa?

Makarantar gwamnati kuma ba don su aka yi ta ba tun farko. An buɗe Kwalejin Gordon a Hartum a 1902, daraktan ilimi na farko, James Currie, bai ɓoye manufarsa ba: a samu 'yan akawu kaɗan da za su riƙe ƙananan muƙamai, a samu masu sana'ar hannu, a kuma koya wa talakawa abin da zai sa su gane yadda hukuma ke aiki. Makarantun elementare na shekara huɗu, waɗanda ake kira kuttab, ƙalilan ne, a manyan garuruwa suke. Turawan, da yake tunanin Mahadi bai bar zukatansu ba, sun hana 'yan mishan wa'azi ga Musulmin arewa, suka kuma sa Alƙur'ani da addini cikin darussa don iyaye su saki jiki. Karatun mata ma ba gwamnati ce ta fara shi ba. Babikir Badri, wanda ya taɓa yaƙi a rundunar Mahadi, shi ya buɗe makarantar 'yan mata a Rufa'a, a gaɓar wannan kogi, a 1907, a cikin gidansa, da 'ya'yansa da na maƙwabta.

Shekarar 1924 ta juya al'amura. Matasan da suka yi karatun zamani da wasu hafsoshin soja suka yi wa Turawa bore, aka kori sojoji da malaman Masar daga ƙasar, gwamnati ta fara kallon ɗan makaranta a matsayin abin tsoro. Sai ta juya ga sarakunan gargajiya da halwoyi. Aka fito da tsarin halwa mai tallafi: a ba faki ɗan gajeren horo, a yanka masa albashi kaɗan, shi kuma ya ƙara lissafi da rubutun yau da kullum a kan haddar da yake koyarwa, mai duba makarantu ya riƙa leƙowa. Zuwa 1930 irin waɗannan halwoyi sun kai ɗaruruwa. Sakamakon bai gamsar da kowa ba, haddar ta yi rauni, lissafin bai zauna ba. Sai aka sake shawara, aka kafa cibiyar horon malamai ta Baht al-Ruda kusa da Duwaim a 1934, a ƙarƙashin V. L. Griffiths, inda aka riƙa rubuta littattafan firamare na ƙasar baki ɗaya. Mutanen Arewacin Nijeriya sun sha daga wannan rijiya: a 1934 ɗin ne malamai daga Sudan suka zo koyarwa a makarantar shari'a ta Kano, kuma a Baht al-Ruda Shaihu Abubakar Gumi ya ƙaro ilimi a tsakiyar shekarun 1950. Amma darasin da malaman allo suka ɗauka daga halwa mai tallafi daban ne, kuma bai gushe ba: kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shi ya sa har yau za ka samu malamin da ke fama da ciyar da almajirai amma yana gudun rajista.

Sai maganar auduga. A 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, aka fara noman rani na Jazira, wanda daga baya ya faɗaɗa har ya kai kimanin fadan miliyan 2, fadan ɗaya kuwa ya ɗan ɗara eka. An raba gonakin haya, waɗanda ake kira hawasha, galibi ga 'yan asalin yankin, aikin ƙarfi kuma na shuka da noma da tsinka ya faɗa a kan mutanen yamma, daga Darfur, Cadi da Nijeriya. Aka zaunar da su a bakin magudanan ruwa a zangunan da ake kira kambo. Kambo a idon hukuma ba ƙauye ba ne, masaukin ma'aikata ne na wucin gadi, ko da ya shekara hamsin a wurin. Abin da ba ƙauye ba kuwa ba ya shiga lissafin gina makaranta ko asibiti. Yaron kambo in zai yi madrasa sai ya taka zuwa ƙauyen masu hawasha, a daidai lokacin da gidansu ke buƙatar hannunsa a gonar auduga.

Bayan samun 'yancin kai a 1956, dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ƙara wani shinge. Ta ce ɗan ƙasa na asali shi ne wanda kakanninsa na wajen uba ke zaune a Sudan tun 31 ga Disamba 1897. Waɗanda suka taso bayan Burmi sun makara da shekaru kaɗan. Wanda ba shi da takardar ɗan ƙasa, jinsiyya, aikin gwamnati ya yi masa nisa, aikin gwamnati kuwa shi ne ribar madrasa a wancan zamani. An sassauta dokar daga baya, ta 1994 ta dawo da iyakar zuwa 1956, amma an riga an yi zuriya biyu a haka. Ga kuma harshe: da Larabci ake koyarwa tun ranar farko, yaron da ya tashi da Hausa ko Fillanci yakan shafe shekarar fari yana kallon bakin malami. Saboda haka idan aka ce Hausawan Jazira sun ƙi makaranta, rabin labari aka faɗa, domin a wurare da yawa makarantar ce ba ta zo inda suke ba. Inda ta zo kuma ta zauna, kamar Mai Wurno, an shiga. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Hartum, wanda ya yi fice wajen nazarin yadda Hausa da Fillanci ke sauyawa a cikin tekun Larabcin Sudan, ɗan garin ne.

To, mene ne hujjar masu riƙo da tsohuwar hanya, idan aka zauna aka saurare su? Kalmar da za ka fi ji ita ce amana. Yaro amana ne a wuyan ubansa, shi za a tambaya ranar gobe, ba ministan ilimi ba. Wanda za a tambaya kuwa shi ya cancanci ya zaɓi wanda zai damƙa wa. Malamin allo an san shi, an san gidansu, an san a wurin wanda ya yi karatu, ana sallah a bayansa. Malamin madrasa daga wani gari aka turo shi, gobe a ɗauke shi a kawo wani. Daga nan sai maganar jeri: suna cewa a fara sauke Alƙur'ani tukuna, a san tsarki da sallah daga Ahalari da Ishmawi, sauran ilimi ya biyo baya, domin zuciyar yaro abin da ya fara shiga shi ke zama. Suna kuma bambanta karatu don Allah da karatu don shahada, wato takardar shaidar kammalawa. Game da 'ya mace, damuwar takan koma kan doguwar hanya, cuɗanya da maza, da jinkirin aure. Akwai kuma abin da dattawa ba sa faɗa da ƙarfi amma yana cin su: yaron da ya daɗe a madrasa yakan dawo yana amsa wa kakarsa da Larabci, wani ma ya fara ɓoye asalinsa don gudun gori.

Karatun gida shi ne ɓangaren da ba a cika lissafawa ba. Uba mai ilimi yakan biya wa 'ya'yansa a zaure bayan asuba ko tsakanin magariba da lisha. Mata kuma suna da nasu zaren, wanda ya taso tun daga Nana Asma'u 'yar Shehu da jajiyoyinta masu kai karatu gida-gida cikin waƙa. Malama ta tara 'yan mata da matan aure a tsakar gida, a koyi surori, hukuncin tsarki, da tarihin Manzo. Ana iya kwatanta wannan da abin da ake yi a Amurka, inda iyaye masu riƙo da addini, galibi Kiristoci, ke cire 'ya'yansu daga makarantar gwamnati su koyar da su da kansu. Kotun ƙolin ƙasar ta yanke tun 1925 cewa jiha ba ta da ikon tilasta wa kowane yaro shiga makarantar gwamnati, a 1972 kuma ta ba mabiya ɗariƙar Amish damar tsayar da karatun 'ya'yansu bayan aji takwas, zuwa 1993 koyarwa a gida ta halatta a dukkan jihohi 50. Jamus ta haramta shi, Faransa kuma tun dokar 2021 sai da izini. Sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta 1948 ta haɗa ɓangarorin biyu a sashe na 26: karatun farko wajibi ne, iyaye kuma su ke da fifiko wajen zaɓen irin karatun. Hujjar Ba'amurken da ta Bahaushen Sinnar kusan ɗaya ce. Inda suka rabu shi ne Ba'amurken yana da makaranta a bakin ƙofa ya ƙi ta, yana kuma koyar da lissafi da kimiyya a gida har ɗansa ya shiga jami'a, alhali karatun zaure ba ya kai yaro ga shahada.

Wani abin da ya hana iyaye sakin jiki shi ne yadda madrasa ke sauya kama duk lokacin da mulki ya sauya. Har zuwa 1970 tsarin shekara huɗu-huɗu-huɗu ne. Gwamnatin Numairi, wadda ta zo da launin gurguzu, ta mai da shi shida-uku-uku, ta kuma ƙarfafa abin da ta kira taimakon kai, wato jama'a su tara kuɗi su gina ajujuwa. Numairin nan dai shi ya ƙaddamar da dokokin shari'a a 1983. Da Umar al-Bashir ya karɓi mulki a 1989 tare da 'yan harkar Musulunci, sai aka sake rushewa: firamare ta koma shekara takwas, sakandare uku, aka ƙara yawan haddar Alƙur'ani da darussan addini, aka lissafa halwa a matsayin matakin share fage kafin aji ɗaya, aka kafa Jami'ar Alƙur'ani a Umdurman a 1990.

Mai karatu zai zaci wannan ya kashe gardamar, tunda ga gwamnati ta rungumi addini. Abin da ya faru shi ne masu ra'ayin riƙau sun rabu gida biyu. Wasu suka ce alhamdu lillahi, aikin hukuma ke nan, ta tsare addini ta hanyar makaranta. Wasu, musamman a cikin malaman ɗariƙu da na allo, suka ga cewa addinin da ke cikin littafin gwamnati fassarar jam'iyya mai mulki ce, kuma manufarsa ta wuce tarbiyya. 'Yan sakandare sun koma sa tufafi masu zanen kakin soja. Daga 1997 aka wajabta wa waɗanda suka kammala shiga sansanin horon soja kafin su wuce jami'a, ana tsakiyar yaƙin kudu. A Afrilun 1998, gab da babbar sallah, samari da dama suka mutu a sansanin Ailafun lokacin da suka yi yunƙurin tafiya gida, wasu da harsashi, wasu a cikin Shuɗin Nilu. Uban da ya ji wannan labari yana da dalilin tambayar inda hanyar madrasa ke kaiwa.

A wannan zamani ne kuma aka sauke nauyin kuɗi a kan talaka. Da aka raba ƙasar jihohi 26 a 1994, Sinnar ta zama jiha mai hedikwata a Sinja, aka miƙa firamare ga jihohi da ƙananan hukumomi, waɗanda yawancinsu ba su da kuɗin shiga. Tsarin mulkin 2005 ya ce karatun firamare kyauta ne kuma wajibi, amma alli, gyaran benci, ruwan sha da abincin malamai majalisar iyaye ke tara kuɗinsu. Ɗan ƙwadago mai 'ya'ya bakwai dole ya zaɓi wanda zai tura, kuma an san wadda aka fi bari a gida.

Bayan faɗuwar al-Bashir a Afrilun 2019 gardamar ta fito fili fiye da kowane lokaci. Gwamnatin riƙon ƙwarya ta Abdalla Hamdok ta dawo da tsarin shida-uku-uku, ta kuma ɗora Umar al-Garrai a kan cibiyar tsara manhaja. Shi almajirin Mahmud Muhammad Taha ne, wanda aka rataye a Janairun 1985 bisa tuhumar ridda, saboda haka tun kafin ya buɗe baki wasu sun yanke masa hukunci. Ya nemi a rage yawan surorin da ƙananan yara ke haddacewa, yana cewa nauyin ya fi ƙarfinsu. Sai littafin tarihi na aji shida ya fito ɗauke da zanen Michelangelo na halittar Annabi Adamu, wanda ke suranta Mahalicci da siffar mutum. Limamai suka hau mumbari, iyaye suka ce ba za a karanta shi a gidajensu ba. A Janairun 2021 Hamdok ya dakatar da sabuwar manhajar, al-Garrai ya ajiye aiki. Abin lura a nan shi ne masu fushin ba cewa suka yi a rufe madrasa ba. Jikokin waɗanda suka ƙi shiga sun koma masu neman a saurare su kan abin da ake koyarwa a ciki.

A daidai wannan lokaci halwa ma ta sha tambaya. A Oktoban 2020 sashen Larabci na BBC ya nuna binciken Fatah al-Rahman al-Hamdani, wanda shi ma tsohon almajiri ne, ya shafe wata 18 yana ɗaukar hoto a ɓoye a halwoyi 23. An ga yara da mari a ƙafa, an ga duka mai barin tabo. A lokacin halwoyin Sudan sun kusa 30,000, kuma 23 ba za su wakilce su ba, mafi yawan na ƙauye ma yaro a gidansu yake kwana. Amma abin da aka gani ya faru, kamar yadda ya faru a gidan marin da aka bankaɗo a Rigasa ta Kaduna a 2019. Akwai tsohuwar maganar da uba ke faɗa wa faki ranar da ya kai ɗansa: nama naka, ƙashi namu. An faɗe ta ne a zamanin da malami da uba ke sallah a masallaci ɗaya. Idan yaro yana can nesa da tafiyar kwana biyu, babu mai leƙa shi, maganar takan zama lasisin zalunci.

Sai yaƙi ya zo ya birkita lissafin kowa. Tun rikicin 2022 tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun jihar Shuɗin Nilu, a kewayen Damazin da Rusairis, dubban mutane suka bar gidajensu, makarantu suka zama masauki. Daga 15 ga Afrilun 2023, da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojoji da dakarun RSF, tashin hankalin ya game ƙasa. A Oktoban shekarar asusun yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce yara miliyan 19 ba sa zuwa makaranta. Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disamba, Sinja a ƙarshen Yunin 2024, sojoji suka karɓe ta a Nuwamba, Madani kuma a Janairun 2025. Malaman gwamnati sun shafe watanni babu albashi, jarrabawar kammala sakandare ta 2023 sai a ƙarshen Disambar 2024 aka zauna ta. Karatun da ya fi jure wannan hali shi ne wanda ba ya buƙatar gini ko albashi, wato allo da zaure.

Bayan duk wannan, ga inda na tsaya. Iyayen nan suna da gaskiya cewa tarbiyya amanarsu ce, kuma hukumar da ke sauya littafi da kowane juyin mulki, ta bar kambo shekaru da dama babu aji, ta kasa biyan malami, ba ta da bakin neman a miƙa mata yaro ido rufe. Amma amanar ba ta ƙare a sauka. Yaron da ya girma bai iya karanta takardar asibiti ko yarjejeniyar gona ba, ba shi da shahadar da zai nemi haƙƙinsa da ita, an bar shi a hannun duk wanda ya ga dama, kuma tarihin Hausawan Jazira ya nuna tsadar rashin takarda. Game da mata kuwa, Shehu Usmanu da kansa ya soki malaman da ke koyar da 'ya'yan wasu su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, don haka mai hana 'yarsa karatu ba zai jingina da kakannin da suka yi hijira ba. Halwar da yara ke kwana kuma dole wani ido daga waje ya riƙa shiga, ko na hukuma ko na majalisar malamai da iyayen gari, domin yaro ba shi da inda zai kai ƙara.

Abin da ya fi gaggawa yanzu shi ne gada tsakanin hanyoyin biyu. Gardin da ya sauke yana da shekara 14 ya iya karatu da rubutun Larabci, ya saba da zama a kan darasi, amma ba zai yarda ya zauna a benci ɗaya da 'yan aji ɗaya ba, haka ma yarinyar da yaƙi ya cinye mata shekara biyu. Ma'aikatar ilimi da ƙungiyoyin agaji sun daɗe da tsarin karatun gaggawa, wanda ke dunƙule firamare cikin 'yan shekaru don irin waɗannan yara. A ƙauyukan Hausawa zai fi karɓuwa idan aka yi shi a harabar malamin da iyaye suka sani, bayan an tashi daga allo, da mai koyarwar da ke jin Hausa, a kuma tsara lokacinsa yadda ba zai ci karo da tsinkar auduga da yankan dawa ba.